Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya: Jam'iyyun Manoma Da Masu Ba Da Gudummawa

Akwai wata al'ada da ta shigo ƙauyuka, har ta fara zama jiki. Da zarar an ji a rediyo, ko a bakin wani mai zuwa birni, cewa wata gidauniya ko waɗansu Turawa sun zo da kuɗi za su taimaki manoma, sai gari ya ɗauka. Kafin kasuwa ta sake ci an kafa jam'iyya. A zaure ɗaya, cikin dare ɗaya, an naɗa shugaba da ma'aji da magatakarda, an rubuta sunayen mutum arba'in, waɗansunsu ma ba su san an rubuta su ba. Sa'an nan a yi karo-karo a ba wani ɗan boko ya tsara takardar roƙo da Turanci mai daɗi, a sassaƙo hatimi a buga, a kai ofis. Daga nan sai zaman jira. Damina ta zo ta wuce, kaka ta yi, ba amsa. Sai a ce ai dama abin na masu uwa a gindin murhu ne. Jam'iyya ta watse, kowa ya kama gabansa, sai kuma ran da aka ji wani sabon labarin kuɗi.

Ba a musun cewa akwai son kai a waɗansu ofisoshi, kuma akwai wanda a kan ba don ɗan wane ne. Amma in za a bi gaskiya, yawancin takardun nan ba son kai ne ya kashe su ba. Wanda aka kai wa takardar bai taɓa jin sunan jam'iyyar ba sai ran nan, bai san gonarta ba, bai kuma san wanda zai tambaya labarinta ba. Kuɗin gudummawa kuwa, watau wanda a ke bayarwa ba don a biya ba, ya fi rance wuyar fita daga hannu. Mai ba da rance yana da jingina da zai riƙe. Mai ba da gudummawa ba shi da abin riƙewa sai amincin wanda ya ba.

Ya kamata manomi ya san halin da ma'aikacin irin wannan ofis ya ke ciki. Kuɗin ba nasa ba ne. Ko dai harajin talakawan wata ƙasa ne, ko abin da mutane suka tara kwabo-kwabo don jinƙai, ko dukiyar da wani attajiri ya bari da wasiyya. A bisa kansa akwai manya da za su tambaye shi, bayansu kuma ga odita mai bin kowane rasit. In ya ba jam'iyyar da ta cinye kuɗin, shi zai sha kunya, watakila ma ya rasa aikinsa. Ga takardu tuli a gabansa, dukansu bakinsu ɗaya, kowa talaka ne, kowa yana son injin ban ruwa da taki. To, da me zai rarrabe ta gaske da jabu? Tilas ya nemi wadda ya sani, ko wadda wani amintacce ya tsaya mata.

'Yan kasuwa ba su bukatar dogon bayani a kan wannan. Tun zamanin fatauci zuwa Gwanja, baƙon da ya sauka Salaga neman goro ya dogara ga mai masaukinsa, shi ke haɗa shi da masu kaya, shi ke tsaya masa. Haka cinikin shanu ya gudana a Sabo ta Ibadan: mahauci ya ɗauki sa bashi, mai shanu da ya taho daga arewa ya yarda, domin mai gidansa ya san mahaucin, ya san yadda ya biya na bara da na bara waccan. Har yau ɗan tiredan da ya biya bashin kwali ɗaya shi a ke ba goma. Neman gudummawa ma a kan wannan hanya ya ke tafiya.

Labarin Yatenga

A arewacin ƙasar Burkina Faso akwai wani lardi na Mosawa sunansa Yatenga, babban garinsa Wahiguya. Ƙasa ce ta fako da tsakuwa, ruwan sama kaɗan. Wani malami ɗan wurin, Bernard Ledea Ouedraogo, da ya ke aikin ilmantar da samarin ƙauye, ya lura jam'iyyun da hukuma ta kakkafa wa manoma ba su yin rai. Da ya duba, sai ya ga mutanensa suna da tasu tsohuwar al'ada mai suna Kombi-Naam, wadda ta yi kama da gayya: samari da 'yan mata su haɗu su yi noma tare, su zaɓi shugabanninsu, su yi shagali da abin da suka samu. A 1967 ya fara gina sababbin jam'iyyu a kan wannan tushe, aka kira su jam'iyyun Naam.

Shekara tara suka yi suna aiki kusan da ƙarfin hannunsu kaɗai, a cikinsu har da babban farin nan na 1973 da ya halaka dabbobi daga Senegal har Chadi. Sai a 1976 Ouedraogo ya haɗa kai da wani Bafaranshe, Bernard Lecomte, wanda ya san ofisoshin taimako na Turai ciki da waje. Suka kafa wata ƙungiya da aka fi sani da Six-S, ma'anar sunanta da Faransanci kuwa shi ne a ci moriyar rani a ƙasashen Sahel. Ɗaya ya san manoma, ɗaya ya san masu kuɗi, watau dai aikin mai masauki suka yi tsakanin ɓangarorin biyu.

Shirin da suka yi ya saɓa wa abin da aka saba. A al'ada mai bayarwa shi ke cewa ga kuɗin rijiya, kada a taɓa shi don wani abu. A nan kuwa gwamnatin Suwizalan da waɗansu ƙungiyoyin taimako na Turai suka yarda su zuba kuɗi cikin asusu ɗaya ba tare da sun faɗi abin da za a yi da shi ba. Wakilan manoma na kowane yanki su ke zama su yanke shawara. Amma fa ba a miƙa wa sabuwar jam'iyya kuɗi don ta zo da suna kurum. Sai ta fara nuna aikin da ta yi da kanta, da ɗan abin da ta tara. In an ga haka sai a ba ta kaɗan, in ta riƙe amana a ƙara, daga baya abin ya koma rance wanda za ta biya ya shiga hannun waɗansu. Masu bayarwa da wakilan manoma kuma su kan zauna taro ɗaya, a buɗe lissafi kowa ya gani.

Da wannan kuɗi aka yi ƙananan madatsun ruwa, da jeren duwatsu a gonaki don tare zaizaya, da rijiyoyi, da lambunan dankalin Turawa da wake, da rumbunan tsimi na gari. Ko injin niƙa da aka ba mata ba kyauta ce ta a ci a share baki ba. Daga cikin kuɗin niƙa a kan ware na sayen wani in wannan ya tsufa, a kuma ware na sayen wani injin don ƙauyen da ba shi da shi, har su kan kira sabon injin ɗan na farko. Jam'iyyun suka yaɗu suka kai dubbai, shirin ya ƙetara zuwa Senegal da Mali da waɗansu ƙasashen maƙwabta. A 1990 aka ba Ouedraogo lambar girma ta Right Livelihood a ƙasar Suwidin. Asusun Six-S ya yi zamaninsa ya wuce, shi kansa malamin ya rasu a 2017, amma tarayyar jam'iyyun Naam ta rayu bayansu.

Abin lura a nan shi ne, mutanen Suwizalan ba su saki kuɗinsu haka sakaka don an rubuta musu takarda mai daɗi ba. Aikin shekara tara suka tarar a ƙasa, da mutum biyu da suka san su, da littafin kuɗi da a ke buɗewa a gabansu.

Mai Kuɗi Ya Bi Mai Aiki

Akwai wani misalin daga manyan masu bayarwa. A 1943 Gidauniyar Rockefeller ta Amurka ta fara aikin gyaran iri tare da gwamnatin Meziko. A 1944 wani saurayi masanin cutar tsiro, Norman Borlaug, ya shiga aikin. Sai a 1956 Meziko ta iya ci da kanta da alkama, shekara goma sha uku ke nan gidauniyar tana biya tana haƙuri. Irin alkamar nan gajere shi ya je Indiya da Pakistan, har aka ba Borlaug lambar Nobel a 1970. Wannan gidauniya ce kuma, tare da ta Ford, ta kafa cibiyar binciken noma ta IITA a Ibadan a 1967.

Da yunwa ta auka wa Habasha a 1984, wani attajirin Japan, Ryoichi Sasakawa, shi ya aika neman Borlaug, ba Borlaug ne ya je roƙo ba. Borlaug ya kawo hanzarin tsufa, attajirin ya tuna masa cewa ya girme shi da shekara goma sha biyar. Suka haɗu da tsohon shugaban Amurka Jimmy Carter, aka fara aiki a Ghana da Sudan a 1986, aka shigo Nijeriya a 1992. Manoman masara da alkama na Kano da Kaduna sun san gonakin gwaji na Sasakawa. Masu kuɗi ma neman inda za su sa kuɗinsu su ke yi, kuma inda aka san aikin mutum can su ke nufa.

A gida Nijeriya shirin Fadama ya koya wa manoma irin wannan darasi. Bankin Duniya ya amince da kashi na farko a 1992, na biyu ya soma a 2004, na uku aka amince da shi a 2008. A kashi na biyu da na uku ba a ba mutum ɗaya kuɗi, sai ƙungiya mai rajista, mai ajiya a banki, wadda ta rubuta abin da ta ke so, ta kuma kawo nata kason kafin a cika mata. Kowa ya duba garinsu zai iya ƙirga ƙungiyoyin da aka kafa a lokacin, ya kuma ƙirga waɗanda suka rage. Waɗanda suka rage, galibi, da ma can suna adashi ko gayya tare tun kafin a ji sunan Fadama.

Yadda A Ke Ƙulla Zumunta

Na farko, jam'iyya ta zama jam'iyya tun ba a ji labarin kuɗi ba. Dokar jam'iyyun gama kai ta daɗe a Nijeriya, tun 1935 aka yi ta farko, kuma ofishin rajista yana kowace jiha. A yi rajista, a buɗe ajiya a banki da sa hannun mutum biyu ko uku, a riƙa zuba ɗan abin da aka yanka kowane mako ko kowace kasuwa. Littafi biyu sun isa a fara: na kuɗi, da na abin da aka zartar a taro. Littafin da ya tsufa, ya sha hannu, ga kwanan wata bi da bi na shekara uku, ya fi kowace takardar roƙo magana.

Na biyu, a san mai bayarwa kafin a roƙe shi. Kowace gidauniya da abin da ta sa gaba, wata ruwa, wata iri, wata sana'ar mata, wata itatuwa. Kai wa mai aikin rijiyoyi roƙon tarakta ɓata takarda ne. Magatakarda ya bincika, ya tambayi malamin gona, ya tambayi jam'iyyun da suka taɓa samu, ya ji abin da ofishin ke yi da lokacin da ya ke karɓar takardu.

Na uku, zumunta a ƙafa ta ke. Zuwan fari kada ya zama na roƙo. A je a gaisa, a faɗi ko su wane ne, a gayyaci ma'aikacin ya zo ya ga gona lokacin da amfani ke tsaye, ko ran da a ke awon hatsi a rumbun tsimi. Gani ya kori ji. In ya zo kada a share gari a jera masa mutane su yi ta kukan talauci. A nuna masa aiki, a bar mata da samari su yi magana da bakinsu, a nemi shawararsa. Wanda ya ba da shawara aka bi, shi zai fara tsaya wa jam'iyya ran da aka zauna rabon kuɗi.

Na huɗu, a fara da kaɗan. Jam'iyyar da ba ta taɓa riƙe kuɗin buhu goma ba, in ta nemi na ɗari biyar, ta tsorata mai bayarwa, in kuwa tsautsayi ya sa aka ba ta, kuɗin ne zai raba kan 'ya'yanta.

Na biyar, shi ne mai wuya, a faɗi gaskiya ran da abu ya ɓaci. Noma ba ya rabuwa da fari da ambaliya da tsutsa, masu bayarwa kuwa sun san haka. In inji ya lalace, ko irin da aka kawo bai yi ba, ko ma'aji ya taɓa kuɗi, a aika da labari tun da wuri, a faɗi abin da aka yi a kai. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Ofisoshin nan suna magana da junansu, jam'iyyar da aka kama da rasit na jabu a wuri ɗaya ta rufe wa kanta ƙofa goma. Wadda ta kawo labarin hasara da kanta kuwa, sau da yawa ita a ke ƙara yarda da ita.

Na shida, kada zumunta ta mutu ran da kuɗi ya ƙare. Yaba kyauta tukwici. Bayan shekara ɗaya ko biyu a aika da 'yar wasiƙa, ga injin nan yana aiki, ga abin da aka samu bana. Kuma kada a rataya kome a wuyan mutum ɗaya, domin ma'aikata a kan yi musu canji, shugaban jam'iyya ma ba dawwama zai yi ba. A san mutum biyu ko uku a ofis, su ma su san mutum biyu ko uku a jam'iyya.

Masu Suka

Waɗansu za su ce ai wannan fadanci ne da maula, an dai sāke masa suna. Akwai bambanci. Bafade yana faɗin abin da mai gida ke son ji, ya karɓi abin da aka jefa masa. Jam'iyya ta gari kuwa tana zuwa da nata a hannu, tana kuma iya cewa a'a. Kowa ya ci ladan kuturu tilas ya yi masa aski, saboda haka kuɗin da aka ɗaura wa sharaɗin da mutane ba su so, gara a bar shi.

Abin da ya faru a Maraɗi ya isa misali. A 1983 wani mutumin Ostareliya, Tony Rinaudo, ya fara jan hankalin manoma su bar tohon kututture a gona su riƙa gyara shi ya zama itace. A yunwar 1984 aka haɗa wannan da rabon abinci, mutane da yawa suka yi don su sami hatsi. Da rabon ya ƙare, da yawansu suka sare itatuwan. Waɗanda suka bari su ne suka ga itacen wuta da abincin dabbobi da gyaruwar ƙasa, daga gare su kuma abin ya bazu, manomi yana koya wa manomi, har aka ƙiyasta ya kai kadada miliyan 5 a Nijar. Abin da aka yi don idon mai bayarwa ya tafi tare da shi, abin da manomi ya so don kansa ya zauna.

Haka kuma a rarrabe zumunta da toshiyar baki. Kai wa ma'aikaci rago ko buhun shinkafa gidansa da dare ba ya cikin abin da a ke faɗi a nan. Wanda ya karɓa yau zai nemi kasonsa gobe daga cikin kuɗin jam'iyya. A yi hattara kuma da masu yawo suna sayar da fom, suna cewa a biya kaza za a sa sunan mutum. Mai ba da gudummawa na gaske yana da ofis da a ke iya zuwa a tambaya.

Waɗansu kuma za su ce, ina ƙauyen da ba shi da ɗan boko ko hanyar mota zai ga ma'aikacin gidauniya? Wannan kuka gaskiya ne. Maganinsa shi ne abin da mutanen Yatenga suka yi, ƙananan jam'iyyu su haɗu su yi tarayya ta gunduma, su ɗauki akawu ɗaya, su aika da wakili ɗaya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Laifin Masu Bayarwa

Su ma masu bayarwa suna da nasu. Su kan aiko da fom mai shafi ashirin da Turanci ko Faransanci zuwa ga mutanen da ke lissafinsu da Hausa, da boko ko da ajami. Su kan saki kuɗin taki bayan gero ya fid da kai, domin shekarar ofis dabam ta ke da shekarar gona. Su kan yanka wa aiki shekara biyu ko uku, alhali itacen da aka dasa bai ko isa inuwa ba. Su kan tsaya ƙauyukan bakin kwalta da rani, su koma su rubuta sun ga ƙasa. Wanda ke son a gaya masa gaskiya, sai ya nuna ba zai yanke taimako don an gaya masa ba. Gidauniyar Rockefeller ta jira shekara goma sha uku a Meziko, mutanen Suwizalan sun bar manoma su zaɓi aikinsu a Yatenga, kuma ba wanda ya ce sun yi hasara.

Amma manomi ba shi da iko a kan ofishin wani, ikonsa a kan jam'iyyarsa ya ke. Rani shi ne lokacin wannan aiki, tun ba a shiga sharar gona ba. A kira taro, a sayi littafi, a zuba kuɗin farko, a zaɓi aiki ɗaya da za a iya gamawa ba da taimakon kowa ba, ko gyaran rijiya ne ko tara buhu ashirin a rumbu don bazara. In an gama a kira malamin gona ya gani ya sa hannu. Ran da labarin kuɗi ya sake zuwa gari, waɗansu za su ruga neman mai sassaƙa hatimi, wannan jam'iyya kuwa littafinta kawai za ta ɗauka ta tafi wurin mutanen da suka riga suka san ta.